Kana zaune zobe ya ce 140: me ke sa zoben zamani kuskuren ƙirga bugun zuciya, kuma ta ina ake gyarawa?

Tun da kamfanin Samsung ya fito da Galaxy Ring a watan Yulin 2024, Oura na ƙasar Finlan ya biyo baya da zobensa na huɗu a Oktoban shekarar, masu arha daga Sin kuma suka cika shagunan intanet, ƙorafi iri ɗaya ake ta ji daga masu sa waɗannan zobba da ke auna bugun zuciya su tura wa manhajar waya. Mutum na kishingiɗe yana latsa waya, manhaja ta nuna masa zuciyarsa na bugawa 140 a minti. Wani ya hau bene hawa uku yana haki, zobe ya ce 74. Wata ta tashi da asuba ta duba jadawalin dare, ta tarar da giɓin awa biyu kamar zuciyar ta tafi hutu. Sai tambaya ta taso: zoben ne ya lalace, ko zuciyar ce ke da matsala?

Amsar takan faɗa ɗaya cikin uku. Ko dai zoben bai ga jini da kyau ba sai ya yi kintace, ko mai zoben ya karanta lambar da ba ita yake nufi ba, ko kuwa zoben gaskiya ya faɗa, jikin ne ya canza. Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai iya jefar da zobe mai kyau, ko ya yi watsi da alamar da ya kamata ta kai shi asibiti.

## Zoben ba ya jin zuciya, haske yake kallo

Nan ne tushen rashin fahimtar. A asibiti idan aka yi wa mutum gwajin ECG, wayoyin da ake manna masa a ƙirji suna ɗaukar lantarkin da zuciya ke fitarwa duk sa'ad da ta matse. Zobe ba haka yake aiki ba. Ka cire shi ka leƙa cikinsa a ɗaki mai duhu, za ka ga 'yan mitsi-mitsin fitilu: kore, ja, da wata mai hasken infirared wanda ido ba ya gani. Kusa da su akwai ido ɗaya ko fiye da ke karɓar haske. Fitila ta haska cikin naman yatsa, jini ya shanye wani ɓangare na hasken, ragowar ya dawo wa idon. Duk lokacin da zuciya ta turo jini, jijiyoyin yatsa sukan ɗan cika, hasken da ke dawowa ya ragu. Ta saki, ya ƙaru. Wannan hawa da saukar ake ƙirgawa. Dabarar tsohuwa ce, tun shekarun 1930 masu bincike ke amfani da ita, kuma ita ce a cikin 'yar na'urar da nas ke maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar oksijin. A taƙaice ana ce mata PPG.

Abin lura shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. Mafi yawan hasken da ke dawowa daga fata, nama da ƙashi yake, kuma ba ya motsi. Ɓangaren da ke hawa da sauka tare da bugun zuciya sau da yawa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Kamar mutum ne ke ƙoƙarin jin raɗa a tsakiyar kasuwa. Zobe ya ɗan goce, hasken rana ya kutsa ta ƙarƙashinsa, ko sanyi ya tsuke jijiyoyi, sai raɗar ta ɓace. A nan manhajar cikin zoben take zaɓar ɗaya cikin biyu: ta bar giɓi, ko ta kama duk wani abu mai maimaituwa ta ɗauka shi ne bugun. A ganina zoben da ke barin giɓi ya fi wanda ke cike gurbi da ƙarya mutunci, ko da yake masu saye sun fi jin haushin giɓin.

Yatsa wuri ne mai kyau ga wannan aiki, ya ma fi wuyan hannu ta wasu fuskoki, domin jijiyoyin da ke kai masa jini suna bi ta gefunansa ne daga ɓangaren tafi, kusa da fata. Shi ya sa zobe ke yin ƙoƙari sosai da dare, lokacin da hannu ke kwance da ɗumi. Amma yatsa shi ne kuma gaɓar da ta fi kowace motsi, riƙo, jiƙewa da saurin yin sanyi. Ƙarfin zoben da rauninsa duk daga wuri guda suka fito.

## Kafin a taɓa komai, a ƙirga da hannu

Gani ya kori ji. Kada ka soma gyara abin da ba ka tabbatar ya ɓaci ba. Zauna a kujera minti biyar, ba magana, ba waya. Ɗora hannun da ke da zoben a kan cinya ko tebur. Da ɗaya hannun, sa yatsan nuni da na tsakiya a wuyan hannu, ƙasan gindin babban yatsa, ka danna a hankali har ka ji jijiya na harbawa. Ban da babban yatsa, domin yana da nasa bugun da zai rikita ka. Sai ka sa manhaja ta yi awon nan take, kai ma ka ƙirga na daƙiƙa 60 cif. Ana iya ƙirga daƙiƙa 30 a ninka biyu, amma ƙirgen daƙiƙa 15 a ninka huɗu ba shi da amfani a nan, don kuskuren bugu ɗaya zai zama huɗu.

Yi haka sau uku a lokuta daban: da safe, da rana, da dare. Idan tazarar ba ta wuce bugu biyar ba, zoben lafiyarsa ƙalau a zaune, matsalarka tana wani wuri. Idan akwai na'urar auna hawan jini a gida, ita ma tana nuna bugun zuciya a ƙasan lambobi biyun nan, sai dai a ɗaura ta a hannun da ba zobe, domin matsewar da take yi tana tsayar da jinin da ke zuwa yatsa, zoben ya makance na ɗan lokaci.

Siffar kuskuren kanta tana tona asirin sanadinsa. Ka ƙirga 68, zobe ya ce 135 ko kusa: ninki biyu ne. Kowane bugu yana da wani ƙaramin tudu da ke biyo bayan babban, to zoben ya ƙirga su biyun. Ka ƙirga 150 bayan gudu, ya ce 75: yana tsallake ɗaya ne bayan ɗaya saboda alamar ta yi rauni. Lamba ta yi tsalle ta dawo cikin minti guda: motsi ne. Giɓi zalla: haɗuwar zobe da fata ce ta yanke, ko batir ya mutu.

## Zaman zobe a yatsa: nan akasarin matsalar take

Da za a tara masu ƙorafi a ɗaki ɗaya, mafi yawansu a nan za a sallame su.

Fara da fuskar da fitilun ke kallo. Dole su kasance ta ɓangaren tafin hannu, a kan tsokar yatsa. A wasu zobban, kamar Oura na uku, akwai 'yan ƙulli uku a ciki da za ka ji da hannu. A sababbi da aka shafe cikinsu sumul, akan sa wata 'yar alama a bayan zoben, ɗan rami ko ɗan layi, wadda ita ma ɓangaren tafi za ta kalla. Idan zobe ya juya fitilu suka koma bayan yatsa, sun hau kan ƙashi da jijiyar motsi, inda jini kaɗan ne kuma fata ta fi duhu. Da rana mutum zai lura ya gyara. Da dare ba mai gyarawa, kuma daga nan giɓin jadawalin barci yake fitowa. Duba shi kafin ka kwanta, ka sake dubawa da ka farka. Idan safiya uku a jere ka same shi a juye, ya yi maka yawa.

Sai girma. Tsakanin lamba ɗaya da mai bi mata a ma'aunin zobe na Amurka, wanda waɗannan kamfanoni ke bi, bambancin faɗin bai kai milimita ɗaya ba, kusan 0.8 ne. Ƙarami ne a ido, amma ya isa ya raba zoben da ke aiki da wanda ke kintace. Kuma ba kamar zoben azurfa ba ne da za ka kai wa maƙeri ya rage ko ya buɗa. Cikinsa batir ne da lantarki, yadda aka ƙera shi haka zai mutu. Saboda haka ne manyan kamfanoni ke fara aiko da zobban roba na gwaji, su ce a sa aƙalla awa 24, har da kwana da shi. Masu saye ta hannun ɗan'uwa da ke dawowa daga Dubai ko Ingila sukan tsallake wannan mataki, su auna yatsa da zare su tura lamba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Awon zare na minti ɗaya ba zai gaya maka yadda yatsanka ke kumbura da asuba ko yake motsewa da sanyi ba.

Ga yadda ake gane zama mai kyau. Dunƙule hannu: kada a ga rata tsakanin zoben da saman yatsa. Buɗe hannu ka girgiza: kada ya juya da kansa, amma idan ka murza shi da ɗaya hannun ya juya da ɗan ƙarfi. Wajen cirewa ya ɗan tsaya a gaɓa kafin ya wuce. Idan kuwa sai da sabulu yake fita kullum, ko ya bar maka zurfin shaida mai zafi, ko kan yatsan ya yi sanyi, ya matse da yawa. Mutane na zaton matsewa ita ce inganci. A'a. Zobe mai matsewa yana danne ƙananan jijiyoyin da yake son gani, ya kori jinin da zai ƙirga.

Wanda ya riga ya sayi zobe mai ɗan yawa, kafin ya yi tunanin sayarwa ya zagaya da shi yatsu shida: na nuni, na tsakiya da mai bi masa, a hannu biyu. Yatsun hannun da mutum ya fi aiki da shi sukan ɗan fi kauri. Oura na ba da shawarar yatsan nuni, amma yatsan da zoben ya zauna daram a kai ya fi yatsan da aka ba da shawara idan zoben na rawa a cikinsa. A guji yatsan da gaɓarsa ta fi gindinsa kauri sosai, domin zoben da zai wuce irin wannan gaɓa dole ya yi sako-sako a ƙasa. Mutum na iya sauya yatsa tsakanin rana da dare, ko tsakanin bazara da hunturu, ba laifi. Abin da ba a yi shi ne naɗa zare ko salatef a ciki yadda ake yi wa zoben ado, don zai ɗaga fitilun daga fata ko ya rufe su. Haka nan kada a jera shi da wani zobe a yatsa ɗaya ko na kusa, suna turin juna.

## Hunturu, ruwan alwala da man shafawa

Idan jiki ya ji sanyi, abin da yake fara yi shi ne tsuke jijiyoyin yatsu don ya tsare ɗumi a ciki. Asara biyu ke nan a lokaci guda: jinin da zoben ke nema ya ragu, yatsan kuma ya motse, zoben ya yi yawa. Don haka wanda zobensa ke aiki lafiya a watan Afrilu zai iya ganin giɓi a Janairu, a asubahin hunturun Kano ko Damagaram, ko a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki da aka ƙure. Gwajin mai sauƙi ne: murza tafuka, ko ka sa hannu a hammata minti biyu zuwa uku, ka sake awo. Idan lamba ta daidaita, sanyi ne.

Mai alwala sau biyar a rana yana da wani abin lura. Ruwa ba ya lalata manyan zobban nan, Oura da Galaxy Ring duk an yi su don jure ruwa mai zurfin mita 100. Amma ruwan da ya maƙale tsakanin zobe da fata yana karkatar da haske, ya sa zoben santsi, ga shi ruwan asuba mai sanyi ya tsuke jijiyoyi. Kada a yi awo nan da nan bayan alwala ko wanka. A ɗaga zoben a goge ƙarƙashinsa, a jira kamar minti goma.

Man shafawa ya fi ruwa illa, don shi ba ya bushewa. Basilin, man kaɗanya, sauran sabulu, ƙurar hunturu da gumi sukan haɗu su yi wani siririn dafi a kan fitilun, kamar gilashin mota da ya yi hazo. A cire zobe kafin a shafa mai, a bari ya shiga fata, sannan a mayar. Sau ɗaya ko biyu a mako a wanke cikinsa da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu mara ƙarfi, a goge da tsumma mai laushi, a bar shi ya bushe sarai kafin a ɗora a caja. Ban da soson ƙarfe, toka, ko bilic. Idan rufin da ke kan fitilun ya karce ko ya dusashe, wanki ba zai dawo da shi ba.

## Motsi, da dalilin da zobe ke ƙirga sawu a madadin zuciya

Kowane zobe na da na'urar jin motsi, kuma manhaja tana amfani da ita ta tace hayaniyar motsi daga alamar jini. Tana cin nasara idan saurin motsin ya bambanta da saurin zuciya. Matsala takan zo ne idan sun yi kusa. Mai gudu yakan taka ƙasa sau 150 zuwa 180 a minti, zuciyarsa ma tana wannan yanki. Kowane taku yana girgiza jinin yatsa, sai zoben ya kama takun ya riƙe. Alamarsa ita ce lamba ta haura farat ɗaya zuwa 165 ta tsaya cak kamar an ja layi, ko ka rage ƙoƙari ba ta sauka ba matuƙar takunka bai canza ba.

Riƙo kuma wata matsalar ce daban. Ɗaga ƙarfe, jan guga, daka a turmi, riƙe fartanya ko kan babur, duk suna matse tsokar yatsa su kori jini, su tura zoben gefe. Ƙara da karkarwar injin babur ko Keke Napep a hanya mai gargada, za ka gane inda 140 ɗin wanda bai yi komai ba ta fito. Idan ka ga tsalle a jadawali, tambayi kanka me hannunka ke yi a wannan minti.

Abin da za a iya yi kaɗan ne. A kunna yanayin motsa jiki a manhaja kafin a fara, domin shi ke sa zoben awo ba ƙaƙƙautawa. A ɗumama jiki minti biyar zuwa goma don jini ya isa yatsu. A saki hannu, kada a dunƙule. Ko a lokacin da komai ya daidaita, awon haske yakan yi jinkirin wasu daƙiƙu kafin ya cim ma zuciya idan ta tashi da sauri. Ɗan ƙwallo ko mai atisaye na gaske da ke son lamba daidai ya nemi ɗamarar ƙirji irin Polar H10, wadda ke ɗaukar lantarkin zuciya kai tsaye. Wajen ɗaga ƙarfe kuwa a cire zoben gaba ɗaya, don kare shi da kare yatsan.

## Baƙar fata da lalle

Wannan batu ana yawan ja-in-ja a kansa, kuma kowane ɓangare na da hujja. Sinadarin da ke ba fata duhu yana shanye haske, kore ya fi shanyewa a kan ja da infirared. A Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka wallafa cewa na'urar auna oksijin ta yatsa tana kasa gano ƙarancin oksijin a majiyyata baƙar fata kusan ninki uku na yadda take kasawa a fararen fata. Wannan ya tayar da ƙura, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sake duba ƙa'idojin gwada irin waɗannan na'urori. A ɗaya ɓangaren, wani bincike na Jami'ar Duke a shekarar 2020 ɗin, kan agogunan hannu, bai ga bambanci mai ƙarfi tsakanin launukan fata wajen ƙirga bugun zuciya ba. Abin da ya ga yana ƙara kuskure shi ne motsi.

Biyun ba su ci karo ba. Awon oksijin yana dogara ne da kwatanta yawan hasken ja da na infirared da aka shanye, don haka launin fata na iya karkatar da sakamakon. Ƙirga bugu kuwa lokaci kawai yake bukata, wato yaushe tudu ya zo. Duhun fata na rage ƙarfin alamar, ba ya canza lokacinta. Sai dai alama mai rauni ta fi saurin nutsewa idan sanyi ko motsi suka shigo. Sa'ar da mai zobe ya yi ita ce cikin yatsa, kamar tafin hannu, ya fi sauran jiki haske ko a mutum mai duhu sosai. Wannan ya ƙara nauyin maganar da ta gabata: ga baƙar fata, juyawar zobe zuwa bayan yatsa ta fi tsada.

Lalle kuwa shafi ne da aka ɗora a daidai inda fitilun ke haskawa. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa zanen tawada a fata na iya tare hasken agogonsa, kuma ma'aikatan asibiti sun san baƙin lalle na hana na'urar oksijin karatu. Jan lalle mai sauƙi bai kai baƙi illa ba, amma wanda ya kama ya yi duhu, ko dayis da aka zana a gindin yatsa, zai iya rage abin da idon zoben ke gani. Idan za a yi miki ƙunshi, ki ce a bar gindin yatsa ɗaya, faɗin santimita ɗaya ta ciki ya isa, ko ki mayar da zoben yatsan da zanen bai rufe ba har ya koɗe. A cire shi kafin a ƙunsa.

## Lambar da ba ita ba, da matsalar waya

Da yawa daga abin da ake kira kuskure rashin fahimtar jadawali ne. Zobe ba ya awo kowace daƙiƙa da rana, batirinsa bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Yakan leƙa ne duk bayan 'yan mintuna, biyar ko goma gwargwadon kamfani, kuma wasu sai hannu ya natsu. Wanda ya hau bene ya buɗe manhaja ya ga 74, mai yiwuwa awon da aka yi kafin ya tashi daga kujera yake kallo. A duba lokacin da ke jikin lambar.

Haka kuma "bugun zuciya na hutu" ba ma'ana ɗaya gare shi ba. Likita na nufin mutum a farke, a zaune, wanda ga babba yakan kasance 60 zuwa 100. Zobe kamar Oura daga barci yake ɗauko nasa, yana nuna matsakaici da kuma mafi ƙanƙanta na daren. Ganin 52 a can, alhali na'urar hawan jini ta ce 72 da hantsi, ba saɓani ba ne. Zuciya takan sassauta a barci. Manhajojin ma sukan ɗauki kusan mako biyu kafin su san yadda jikinka ya saba, don haka kada a yanke hukunci da daren farko.

Ta ɓangaren waya, a bi da sauƙi zuwa wuya. A yi caji kafin kwanciya idan batir ya yi ƙasa da kashi 30. A buɗe manhaja a bari ta gama kwaso bayanai. Wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tsimin batir, sai a shiga saiti a cire wannan takunkumi daga manhajar zoben, a ba ta izinin Bluetooth. A sabunta manhajar waya da ta cikin zoben, domin gyaran lissafin tace motsi ta nan yake zuwa. A yi shi zoben na kan caja, wayar na kusa. Idan ana haɗa agogo da zobe a manhajar tattara bayanan lafiya irin Health Connect ko Apple Health, a zaɓi ɗaya ya zama tushen bugun zuciya, in ba haka ba jadawali zai cakuɗe. Mayar da zobe yadda ya fito daga kamfani shi ne mataki na ƙarshe, kuma yana goge duk abin da bai riga ya hau waya ba.

## Yaushe ne zoben kansa ne matsalar?

Idan zama ya yi daidai, hannu da ɗumi, fitilu a wanke, amma awon zaune na ci gaba da kauce wa ƙirgen hannu da fiye da goma, a leƙa cikinsa a duhu yayin awo a ga ko fitilun na kamawa. A ba wani ya sa a yatsan da ya dace da shi, a kwatanta da nasa ƙirgen. Ya yi kuskure a jikin mutum biyu, sai a nemi garanti. Idan kuma cikinsa ya kumbura, ya tsage, ko yana zafi a yatsa, a cire nan take, batir ne, kada a sake sawa ko a yi masa caji.

Su kuma zobban da ba su da suna, akwai gwaji mai tona su. Yi awo a zaune, sannan ka yi tsallen-tsallen minti biyu, ka tsaya cak ka sake awo tare da ƙirgen hannu. Zuciya ta haura 120, zobe na nan yana yawo tsakanin 70 da 85: wannan ba awo yake ba. Duk zoben da aka tallata cewa yana auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, a yi hattara da shi. A Fabrairun 2024 FDA ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani zobe ko agogo da ke wannan iƙirari ba.

## Idan kuma zoben ne mai gaskiya

Ruwa ba ya tsami banza. Tsalle ɗaya na minti guda ba abin damuwa ba ne, amma lambar barci da ta saba zama 58 ta koma 68 dare uku a jere, ga zobe a zaune daidai, yawanci gaskiya ce. Zazzaɓi na ƙara kusan bugu goma a kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki, don haka maleriya na iya bayyana a jadawali. Ƙarancin jini, ƙishirwa a zafin bazara, cin abinci mai nauyi dab da kwanciya kamar yadda ake yi a daren azumi, goro, kofi ko shayi mai kauri da dare, duk suna ɗaga ta. Mai juna biyu bugunta kan ƙaru da 10 zuwa 20 kafin haihuwa. Maganin asma na shaƙa irin salbutamol na ɗagawa, magungunan hawan jini irin atenolol da propranolol suna saukarwa. Kada wanda ke shan su ya rage ko ya daina saboda lambar zobe.

Akwai kuma yanayin da zobe ke rikicewa domin zuciyar ce ba ta bin tsari. Idan bugu na zuwa a birkice, wasu ba sa turo jinin da zai isa yatsa, sai lamba ta yi ta tsalle ko giɓi ya yawaita alhali hannu na kwance. Yatsunka biyu a wuyan hannu za su ji hakan: bugu ya yi sauri, ya tsaya, ya dawo ba tsari. Wannan aikin ECG ne a asibiti, ba na wanke fitila ba. Haka idan ƙirgen hannu a zaune na wuce 100 kwana da kwanaki ba zazzaɓi, ko yana ƙasa da 50 a farke tare da jiri ko kasala ga wanda ba ɗan wasa ba. A tafi da wayar, a nuna wa likita jadawalin makonni biyu zuwa huɗu, tare da ƙirgen hannu da aka rubuta da ranaku da lokuta, da sunayen magungunan da ake sha.

Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, suma ko jin za a suma kuwa ba sa jiran awo. A nufi asibiti ko da zobe na nuna 72.